Ƙishirwar Iya Rahmatu

Zuwairatu ta miƙa hannu za ta karɓi cokalin, sai yatsunta suka gogi bayan hannun Iya Rahmatu, ta ji shi a bushe ƙamas. Ba ta san sa'ar da ta kama fatar da yatsu biyu, ta ɗaga, ta saki ba. Fatar ta tsaya a tattare inda ta bar ta, ta ƙi kwanciya.

"Iya, yaushe rabonki da shan ruwa?"

Tsohuwar ta janye hannun ta cusa a ƙarƙashin mayafi. Ta ce a ji da yarinya, ita kam garau take. Muryar ce ta ƙara tona mata asiri, domin ta shaƙe ta koma can ciki, harshen kuma yana manne wa ganɗa in tana magana. Gaban Zuwairatu ya faɗi, don wannan tsunkulin ba a ko'ina ta koyo shi ba sai a wurin Iya Rahmatu, kuma a cikin makon nan.

Gidan na haya ne a kan hanyar Azuba, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya a tsakiya, bayi ɗaya tal na kowa da kowa a ƙarshen wani siririn lungu bayan bishiyar mangwaro. Zuwairatu tana ɗakin farko da 'yarta Mutmainna, wadda ko shekara ba ta cika ba. Mijinta direba ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Iya Rahmatu kuwa mutuniyar Adogi ce, Gwandara gaba da baya, wadda ta yi noman doya har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinta, har amarya. Da maigidanta ya rasu, 'yarta Halimat ta ɗauko ta, ta kama mata ɗan ɗaki kusa da wanda suke ciki ita da mijinta, Muhammad Sani tela.

Kunyar da ke tsakanin Iya da wannan surukin nata ita ce abin nishaɗin matan gidan. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "mai ɗinki" take cewa, shi ma sai ta kama dole. Ba ta ci a gabansa, ba ta sha. In tana taunar goro ya shigo, sai bakin ya tsaya cak har ya wuce. Shi ma ba baya ba ne: daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gai da labule, labule ya amsa. Mata sukan tsokane ta cewa in suka haɗu a kasuwa da wuya ya gane fuskarta. Iya takan yi murmushi ta ce haka ta taras ana yi a gidansu, kuma ba a kanta za a fara sakin hanya ba.

Da damina ta yi ƙarfi bana, amai da gudawa suka shigo unguwar suna bi gida-gida. Sun sami Mutmainna ne Halimat ba ta nan, ta tafi Doma sarin shinkafa, za ta yi kwanaki. Zuwairatu, haihuwar fari, ta ce haƙori ne, kamar yadda kowace uwa take fara cewa. Da ta ga duk abin da ya shiga sai ya fito, ko ta sama ko ta ƙasa, sai ta yanke shawarar ta ɗan hana nono don cikin ya huta. Har ta fara kwaɓa wani garin magani da aka ba ta, za ta shafa a maɗigar yarinyar da ta ga ta lotsa.

A nan Iya ta shigo ba wanda ya kira ta. Ta ture kwanon maganin gefe, ta ɗora yarinyar a cinya, ta shiga nuna wa Zuwairatu abin da idonta yake kallo bai gani ba. Idanun yarinyar sun faɗa. Tana kuka amma babu hawaye. Ta sa Zuwairatu ta zura yatsa a bakin, ta ji babu yawu, ta kuma tambaye ta yaushe rabon da a ga fitsari a nafkin. Sannan ta tsunkuli fatar cikin ta saki, fatar ta yi jinkirin komawa. Ta ce wannan ba haƙori ba ne, ba kuma maɗiga ce take ciwo ba. Ruwan jiki ne yake ƙarewa, kuma wanda ya fita sai an mayar.

Ta sa aka tafasa ruwa aka bar shi ya huce, ta zuba sukari da ɗan gishiri, ta ɗanɗana a tafin hannu, ta ce kada gishirin ya wuce na hawaye. Cokali-cokali take bayarwa, ba ta gaggawa. In yarinyar ta amayar, sai ta dakata kaɗan ta sake farawa kamar ba abin da ya faru. Nono kuwa ta ce ko da wasa kada a hana. Doose, 'yar Tibi ta ɗakin ƙarshe mai aiki a shagon magani na bakin titi, ta kawo garin gishiri da sukari na leda da ƙwayoyin zink. Ta ja kunnen Zuwairatu cewa in an ga jini, ko yarinya ta kasa sha, ko ta langaɓe tana ta barci, a bar komai a nufi asibiti. Iya ta ɗanɗana na ledar, ta ce awonsa ya fi nata daidai, ta koma kansa ba musu.

Ita ta riƙa kwashe ƙazantar tana wankewa, tana korar Zuwairatu zuwa ga sabulu duk sa'ar da ta taɓa nafkin, tana hana yaran gidan shan kofi ɗaya da mara lafiya. Da Zuwairatu ta tambaye ta inda ta san wannan duka, sai ta ce 'ya'ya biyu ta binne a Adogi kafin Halimat, a zamanin da ake cewa ruwa ne yake ƙara gudawa. Ta ci gaba da ɗura cokalinta.

Safiyar nan kuwa Mutmainna ta tsala kuka da hawaye shaɓe-shaɓe, ta jiƙa wa uwarta zani da fitsari, Zuwairatu tana dariya tana hamdala kamar an yi mata bushara. Cikin wannan murnar ce ta miƙa hannu karɓar cokali.

Yanzu ta zauna tana duban tsohuwar da idon da tsohuwar ta ba ta. Idanun sun zurma, leɓɓan sun tsattsage. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Kunun da ta kai mata jiya ya dawo ba a taɓa ba. Ta tuna yadda Iya takan miƙe ba zato ta shige ɗakinta ta saki labule, ta daɗe, ta dawo tana dafa bango ta ce salla ta yi. Ta tuna butar Iya a kife a ƙofar ɗaki wuni guda. Daga tsakar gida kuma ƙarar keken ɗinki tana tashi ba ƙaƙƙautawa.

Hutu ya ƙare, makarantu za su koma, ɗinkin yunifom ya yi wa Muhammad Sani yawa, ɗaki ga duhu ga zafi. Shi ya sa ya jawo kekensa ƙarƙashin mangwaro inda ake samun haske da iska, daidai bakin lungun bayi, yake zama tun hantsi har magariba. Duk mai zuwa bayi sai ya raɓi gwiwarsa. Bawan Allah ko ɗaga kai ba ya yi, allurarsa kawai yake kallo.

"Iya, ke ma ya kama ki, ko?"

Tsohuwar ta ce ya kama.

"Kuma kika daina sha."

"Zuwaira, ni tsohuwa, zan ɗauki buta in wuce gaban mijin yarinya na? In je, in dawo, in sake je, yana gani, yana ji?" Ta girgiza kai. "Abin da bai shiga ba, ba zai fita ba."

Ashe da fo irin na yara take lallaɓawa a bayan labule, sai mai ɗinki ya tashi da magariba sannan ta kai bayi. Da ta ga fo ba zai ɗauke ta wuni guda ba, sai ta rufe bakinta. Ba kunu, ba ruwa, ko na kurkure baki sai ta tofar.

"Amma ke kika ce min wanda ya fita sai an mayar."

"Na ce, kuma gaskiya na faɗa maka." Ta shafa kan Mutmainna da busasshen hannunta. "Wannan bai san kunya ba tukuna, shi ya sa ya warke."

Zuwairatu ta rasa ko faɗa za ta yi ko kuka. Haushi ya cika ta, irin haushin da ake ji da mutumin da ake so. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu mai kama da tsoro. Matar nan ba jahilci ne ya kai ta ba. Ta san kowace alama da sunanta, ta san inda hanyar take ƙarewa, ta taɓa raka 'ya'yanta har ƙarshenta. Duk da haka ta zauna da kofin ruwa a cinya tana ɗura wa 'yar wani, maƙogwaronta yana ƙuna, ba ta lashi ko cokali ɗaya ba. Zuwairatu ba ta taɓa sanin ɗan adam zai iya haka ba.

Ta haɗa sabon ruwa ta cika kofi. Iya ta ce to, bari ta je ɗakinta ta sha a can. Ta miƙe da dafa bango, ta fita tana gyara mayafi don kada mai ɗinki ya ga fuskarta. Ta kai daidai rijiya, ƙafafun suka ƙi, ta sulale ƙasa.

Keken ya tsaya. Muhammad Sani ya taso da gudu, sai kuma ya yi turus kaɗan da ita, hannuwa a buɗe, ya kasa taɓawa. Zuwairatu da Doose ne suka ja ta kan tabarma a inuwar baranda. Doose ta taɓa wuyan hannunta, ta ɗaga fatar idon ta duba, fuskarta ta canza.

"Wannan ya wuce na gida, abeg, sai dirip, ƙarin ruwa a asibiti. Ki ci gaba da ba ta cokali, bari in kira napep."

Ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba. Muhammad Sani ya tambaya a hankali me ya sami Iya, ai jiya ma ya gaishe ta ta amsa. Zuwairatu, wadda gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da shi, ta faɗa masa duka, ba ta rage ba: cikin, da butar, da lungun, da inda ya kafa kekensa. Tana faɗa tana sane da cewa tana buɗe abin da tsohuwar ta ba da ranta don ta rufe, amma bakin ya riga ya saki.

Ya juya ya dubi keken, ya dubi lungun. Ya je ya rungumi keken nan mai ƙafafun ƙarfe, wanda sai mutum biyu suke ɗagawa, ya tumɓuke shi daga ƙasa, ya nufi ƙofar gida da shi yana tangaɗi. Yadin yunifom ya zube a taɓo, zare yana binsa a baya. Aka ji ya dire shi a waje.

Zuwairatu ta tallafo kan Iya a cinyarta, ta kai cokali. Tsohuwar ta farfaɗo, har ta karɓi na farko. Sai ga Muhammad Sani ya dawo yana haki, leɓɓan suka rufe gam. Ya gani. Ya sunkuyar da kai ya juya zai sake fita, don ta samu ta sha.

Iya ta motsa yatsa ta taɓa gwiwar Zuwairatu.

"Ka ce ya zo. Ba shi cokali."

Zuwairatu ta zaci kunnenta ne. Sai da Iya ta sake faɗa, sannan ta kira shi. Ya zo ya durƙusa, ya karɓi cokalin da hannu biyu. Mutumin da yake zura zare a allura ba ya ko kallo, yau sai da ya zubar da rabin ruwan a haɓarta. Iya ta buɗe baki ta karɓi sauran, ta haɗiye da ƙyar. Sannan ta ɗaga ido ta dube shi, ido cikin ido, abin da ba a taɓa gani ba a gidan nan.

"Muhammadu Sani," ta ce. Sunan ya fito a hankali, baƙo a bakinta. "Ba ka yi min komai ba, ka ji? Aikinka kake yi. Ni ne na rufe bakina. Ƙara min."

Ya ƙara mata. Ya sake ƙarawa. Hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a tabarma, bai share ba, don hannu ɗaya yana kofi, ɗaya yana cokali.

Nan Zuwairatu ta gane. Ba ƙishirwa ce ta buɗe wannan bakin ba, da ƙishirwa za ta iya, da ta buɗe shi tuni. Ashe duk halin da take ciki, Iya ta ji abin da aka faɗa masa, ta ji ƙarar keken da aka dire a waje, ta kuma san cewa in ta tafi da baki a rufe, mutumin nan zai ɗauki mutuwarta a ka har tasa ta zo. Kunyar da ta fi mata ruwa, ita ta ajiye don ta sauke masa. Matan gidan sun fito sun tsaya a ƙofofinsu, su da suka saba yi wa su biyun dariya, yau ba wadda ta ko motsa. Mutmainna kaɗai ce take 'yan surutanta a bayan uwarta.

Da napep ya iso, Muhammad Sani ne ya ɗauke ta da kansa. Daga baya ya ce ta yi masa sakayau a hannu, ko nauyin bandir ɗin yadi ba ta kai ba.

A asibiti sun daɗe suna neman jijiya kafin su samu. Aka ɗaura ƙarin ruwa, leda tana ƙarewa ana sa wata. Gudawar ta tsaya, aman ya tsaya, amma fitsari bai zo ba. Likita ya ja Muhammad Sani gefe ya gaya masa cewa ƙodar ta riga ta tsaya. Ya ce tsofaffi kamar jarirai suke a wannan ciwon, ruwa yakan ƙare musu da wuri, shi ya sa ba a jira da su. Halimat ta iso daga Doma, ta baro buhunanta a tasha. Uwar ta gane ta, ta riƙe hannunta, ta ce kada ta ji an ɗora wa kowa laifi.

Washegari da hantsi Zuwairatu ta je da goyonta. Ta tarar da Iya a kwance tsaf, an gyara mata ɗankwali, Muhammad Sani yana zaune a kujera dab da gadon, ba labule a tsakani. Tsohuwar ta juyo da ido ta nemi yarinyar.

"Ya yi fitsari?"

"Ta yi, Iya. Har ta jiƙa ni a napep."

Iya ta yi murmushi da tsagaggun leɓɓanta. Ta ce a ci gaba da zink ɗin Doose har ya ƙare ko da yarinya ta warke, a kuma fara ba ta ɗan kunu mai ruwa-ruwa. Daga nan ta nemi gafarar kowa, ɗaya bayan ɗaya, ta aika a gaya wa matan gida ta yafe musu tsokana. Ta yi kalmar shahada da kanta, ba a laƙƙana mata ba. Bayan azahar ta cika, a natse, kamar wadda ta gama aiki ta wanke hannu.

Zuwairatu ta yi kuka, amma ba irin kukan da ta zata ba. Ta taɓa ganin mutuwa tana zuwa ta fizgi mutum yana tirjewa. Wannan kuwa ta ga mace ta tsaya ta shirya kayanta, ta sallami kowa, ta sauke wa mai nauyi nauyinsa, sannan ta tafi. Duk sa'ar da ta tuna, sai ta ji jikinta ya yi sanyi.

Muhammad Sani ne ya ɗinka likkafanin, da hannu, bai yarda kowa ya taya shi ba. Aka kai ta Adogi aka binne kusa da maigidanta. Mazan da suka raka sun ce shi ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Bayan an share makoki keken bai dawo tsakar gida ba. A ƙofar gida ya bar shi, a rana, ya kafa wata tsohuwar lema da ba ta tare komai. Mata suka roƙe shi ya komo inuwa, Halimat ma ta roƙa, ya ce nan ɗin ya ishe shi. A bakin lungu kuwa Doose ta ajiye bokiti mai famfo da sabulu, yara suka mai da shi abin wasa, amma dai suna wanke hannu.

Wata rana da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, Zuwairatu ta ɗauki buta ta nufi lungun, Mutmainna a bayanta tana ja mata ɗankwali. A ƙarƙashin mangwaro ta tsaya. Ramukan nan huɗu da ƙafafun keken suka bari a ƙasa suna nan, sun cika taf da ruwan sama. Wata 'yar tsuntsuwa ta sauka a bakin ɗaya tana sha, ta tsoma baki, ta ɗaga kai ta haɗiye, kaɗan-kaɗan. Zuwairatu ta tsaya da butarta a hannu, ta jira har ta ƙoshi.